Wuri na Bakwai

Ranar da Rabab ta fara ganin Falih, yana tsaye a kwale-kwalensa a ƙofar ɗakin saukar baƙin da ya gina da kyauro a fadamar Cibayish. Ta zo hutu daga Nasiriyya tare da gwaggonta. Ya miƙa mata takardar da ya rubuta wa baƙi wuraren da yake kai su. Ta ƙirga da yatsa, ta tarar da shida, a ƙasa kuma lamba ta bakwai ba komai a gabanta.

"Na bakwai fa?"

"Wannan sai wanda ya dawo karo na biyu," in ji shi.

Ta dawo. Ya kai ta tsakiyar babban tafki, inda ido ba ya hango gaɓa ta ko'ina, a can ya tambaye ta ko za ta aure shi ta zauna.

Shekara tara ke nan da aurensu. Biyun ƙarshe a Basra ya yi su, tsakanin gadon asibiti da gidan yayarsa. Ciwon suga ya fara da idanunsa har ya makance, ya gangaro ƙoda. Rabab ce take zuwa duba gida duk wata, in ta koma ya ce, "Yaya ruwa?" ta ce, "Yana gaishe ka." Da likita ya ce a mai da shi gida ya huta, kowa ya gane.

Abu ɗaya ya roƙa: ta zaga da shi wuraren takardar, ɗaya a rana.

Yayanta Sabah ya ja ta gefe. "Kin yi hauka? Ta yaya?"

"Kai dai ka kama min shi mu sa a jirgi."

Kullum da safe, bayan motar ruwa ta gama ƙugi a bayan gida ta tafi, sai su shimfiɗa masa bargo a cikin kwale-kwale. Rabab ta tsaya a baya da gora, ta tura a hankali. Tana tuƙi tana faɗa masa abin da suke wucewa: ga mashigin da kyauro ya haɗe sama, ga inda suka taɓa kifewa da buhun shinkafa. Shi kuwa hannunsa na cikin ruwa.

"Ya yi gishiri," ya ce da ya lashi yatsa.

"Bazara ce."

Ranar farko tsibirin Umm Hatim, tsohuwar da baƙi ke karyawa a wurinta. Suka tarar da ita tsaye a bakin ruwa kamar ta san da zuwansu, ɓauna ɗaya daga cikin waɗanda take kiwo na huci kusa da ita.

"Wa nake gani? Falih mai kifar da baƙi! Ashe Basra ba ta cinye ka ba?"

"Ta tauna ta tofar, Inna. Ina sauran ɓaunayen? Ɗaya nake ji."

"Sun shiga ciki kiwo, ɗan sa-ido." Ta miƙo gurasa mai zafi da madara mai kauri, tana share hawaye da bakin mayafi ba tare da muryarta ta nuna ba.

Rana ta biyu matattarar tsuntsaye. Rabab ta lissafa masa zalɓe, balbela, kwasakwasa biyu a kan tudu. Ya karkata kunne ya daɗe.

"Sun yi shiru."

"Zafi ne ya kwantar da su."

"Rana ma wasa take min yau," ya ce yana murmushi. "Ta taɓa kuncin dama, ta koma na hagu, ta sake dawowa."

Gorar ta kusa suɓuce mata. "Hanyar ce ta yi lanƙwasa."

"Haka ne, idona. Hanyar nan da lanƙwasa."

Duk yamma in sun dawo, sai ya kama hannunta. "Ki yi min alkawari ba za ki bi Sabah birni ba. Ba za ki bar gidan nan ba." Ita kuma sai ta ce shayi zai huce. Tana iya ba shi labari daga safe har la'asar, amma alkawari daban ne, ba ta taɓa yi masa wanda ba za ta cika ba. Maƙwabta sun riga sun tafi, gida bayan gida. Kayanta ma suna ɗaure a ƙarƙashin gado.

Suka je tsohon zauren kyauro na kakanninsa, da kasuwar masunta, da kabarin mahaifinsa, inda ya yi addu'a daga cikin jirgi don ba shi da ƙarfin sauka. Rana ta shida suka je wuri na shida, amma bai ci komai ba.

Rana ta bakwai Sabah ya ce a bar shi ya kwanta. Falih ya ce a ɗauke shi.

Ta yi tuƙi mai tsawo, fiye da kullum, har kafaɗunta suka mutu. Sannan ta aje gora ta zauna, ta ɗora kansa a cinyarta.

"Mun iso. Ba gaɓa ta ko'ina."

"Kin iya tuƙi yanzu," ya ce, muryarsa can ƙasa. "Kwana bakwai, ko sau ɗaya ba ki yi karo da gefe ba. Ni da kaina ba zan iya ba." Ya nemi yatsunta ya riƙe. "Na gode da wuraren, Rabab."

Bai sake roƙon alkawarin ba. Ta jira ya roƙa. Hannunsa ɗaya na cikin ruwa, har ta lura yatsun sun daina motsi.

Ta rufe masa idanu. Ta ɗaga kai ta dubi Sabah da Umm Hatim, suna tsaye taku goma daga gare ta, sannan ta sunkuya ta faɗa da ƙarfi yadda zai ji.

"Na yi alkawari, Falih. Ba inda za ni. Zan zauna har ruwa ya dawo fadamar nan da ta ƙafe, in kai jirginka wuraren nan bakwai da gaske, ba zagayen da na yi ta yi da kai a ramin wankan ɓauna na bayan gida, wanda motar ruwa ke cikawa ba."