Ban Da Tsofaffi

"Shekarunki nawa?" mai gidan ta tambaya daga bayan ƙofa.

Gaban tsohuwar ya faɗi. Ƙarshen wata za a rushe gidan hayarsu, kuma duk tallar ɗakin da ta gani a Osaka magana ɗaya ce: ban da tsofaffi. Masu gidaje suna tsoron tsintar gawa a ɗakinsu. Har furfurarta ta rina, amma bakinta ya ƙi yin ƙarya.

"Saba'in da shida, ranki ya daɗe."

Ƙofa ta buɗe, wata 'yar tsohuwa ta leƙo tana dogara sanda.

"Ashe ma yarinya ce. Ni na haura casa'in. Ɗauki ɗakin sama, ƙanwata, ke ce mai sauran gwiwa."

Dariya ta kuɓuce mata, har da ƙwalla.