Mai Amya da Furen Kan Dutse

Kai da kake son ka tattaro komai ka ajiye a bakin ƙofarka, saurari abin da ya sami wani mai amya. A gindin wani dutse mai tsananin sanyi yake zaune. Can ƙololuwa, inda hazo ke kwana, akwai wani tsiro dangin wake mai shuɗin fure, wanda ba ya fitowa ko'ina sai cikin tsagar duwatsun nan. Shi ƙudan zumansa ke sha, shi ya sa zumarsa ta yi suna, kuma da ita yake ci da iyalinsa. Amyoyin, da ke can ƙololuwar, gadon mahaifinsa ne. Tsohon kuwa in yana son iri, tsumma yake ɗaura wa kwanso biyu ko uku, ya bari su bushe su fashe a ciki, saura ya bar wa dutse. Da gwiwa ta fara damun mai amyar, sai hawan ya ishe shi. Ya ƙudura zai sauko da furen bayan gidansa, amyoyin su biyo baya. Ɗaurin tsumma kuwa, a ganinsa aikin wanda ba shi da abin yi ne. Tunda kwanson in ya bushe fashewa yake ya watsar da 'ya'yan, sai ya riga shi: ya hau tun yana ɗanye ya tsinke shi tas, har yana yaba wa kansa dabara.

Ya yi kunyoyi a bayan gida, ya zuba taki, ya shuka, ya dinga ban ruwa safe da yamma. Kwana arba'in shiru. Da ya tona, sai ya tarar da irin ya ruɓe yana wari, don bai ƙosa ba aka raba shi da uwarsa. Da damina ta zagayo, ɗan abin da ya ɓuya a tsaga tun shekarun baya ya tsiro jefi-jefi, bai fi a ƙirga da yatsu ba. A nan ne mai hankali zai tsaya. Matarsa ta ce, “Malam, ka bar wa dutsen nan ko na rantsuwa.” Ya ce ai taki ne ya yi yawa bara. Ya sake hawa, ya tsinke sauran. Shekara ta uku ya ja gwiwarsa da ƙyar ya kai ƙololuwa, bai ga fure ko ɗaya ba, sai tsirarar dutse da iska. Ya buɗe amyar farko, ba motsi. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya har ta ƙarshe, wadda mahaifinsa ya saƙa da hannunsa, ya tarar da busasshiyar saƙa da tururuwa. Ya zauna nan ya yi kuka, kukan baƙin cikin da ba wanda zai ɗora wa laifi. Ya sauko da ƙwaryarsa wayam, yara na bakin ƙofa suna jiransa.

Ka ji abin da Hausawa ke nufi da suka ce garin neman gira, a rasa ido.