Wanda Ya Karya Dokar Renata

Rahoto dubu arba'in Renata Kowalchuk ta tarar da safiyar Laraba, ta ture kofinta gefe, ranta a ɓace.

Shekara biyu ta yi tana naci kafin hukumar ɗakunan karatu ta garin ta yarda a sa wa shafinsu na intanet dokar tsaro: kada burauza, wato manhajar da ake buɗe shafin da ita, ta yi hulɗa da kowane adireshi sai wanda ke cikin jerin da aka amince da shi. Ranar Litinin ta ƙara wa shafin wani ɗan mai gadi, 'yar manhaja da ta rubuta da hannunta, wanda zai aika mata cikakken bayani da zarar an karya doka. Sai ga shafin yana ta daskarewa, iyaye sun kasa yi wa yara rajistar karatun hutu.

Rahoton da burauza ke turowa da kanta duk abu ɗaya ne. Ana ƙoƙarin fitar da bayanai zuwa wani adireshi mai tarkacen lambobi, ana tarewa, ana sake dawowa. Mai gadin kuwa ko tari bai yi ba.

"Ni fa ban iya yarenku ba," in ji Gordon Friesen, shugabansu. "In Juma'a ta yi ba ki kama mai laifin ba, zan cire dokar."

"Ka cire ƙofa don ɓarawo na ƙwanƙwasawa?"

"Ƙofar da ta hana masu gida shiga, eh."

Maganar ta yi mata ciwo. A taro, idonta a kan Terrence mai kula da tallace-tallace, wanda take zargin tallansa ne ya shigo da baƙon adireshin, ta ce duk wanda ya jawo musu wannan bai cancanci kujerarsa ba. Gordon ya ce ya amince. Terrence ya daina gaishe ta.

Ta ƙara tsaurara dokar, abin bai ko gezau ba. Ta rubuta wa kamfanin da adireshin ke hannunsa, tana neman sunan mai shi.

Amsa ta iso ranar Juma'a da hantsi. Ta kira Gordon da Terrence su zo su gani da idonsu, sannan ta buɗe.

Adireshin akwatin saƙon da ta buɗe wa mai gadinta ne, ta manta ba ta sa shi a jeri ba, shi ya sa duk ƙarar da ya tashi kaiwa sai ta zama sabon laifin da zai kai ƙara, kuma ga sunan mai shi nan ɓaro-ɓaro: Renata Kowalchuk.