Hancin Malam Mamman

Mura ta kama Malam Mamman daidai ranar da dogarai suka tare motar gyaɗa a Gwandu, suka zaro wata kwalba daga ƙarƙashin kujerar direba.

Ga kowa mura mura ce. Ga Malam Mamman asarar suna ce, domin da hancinsa aka san shi. In aka kawo mutum gaban alƙali bisa zargin maye, shi ake kira. Ya matso, ya lumshe ido, ya ja numfashi a bakin mutum, ya ɗaga yatsa: "Ya sha." Daga nan sai bulala tamanin. Ya sunsuni makaɗa, ya sunsuni 'yan kamasho. Har wani tela ramamme mai yawan ƙishirwa, Hassan, ya taɓa sunsuna, bakinsa na tashin wari irin na ruɓaɓɓen gwanda. Tela ya yi ta rantsuwa har aka gama dukan, bai kuma ga damina ta gaba ba.

Ranar da aka tare motar, aka miƙa wa Malam Mamman kwalbar, jama'a ta zuba ido. Ya sunsuna, bai ji komai ba. Ya ce ba ya jin wari? Ina. Sai ya juya baya kamar mai nazari, ya kurɓa. Ɗaci ya tsaga masa harshe. Ya sake kurɓa don ya tabbatar, ya ƙara.

"Ni hwa saƙo aka ba ni," in ji direba. "Ta Adamu Disfensa ce, na ɗakin magani na Kalgo. Ban san mi ke ciki ba."

Kafin azahar kunnuwan Malam sun fara kuka kamar gyare, fuskokin mutane sun yi dishi-dishi. Bai gaya wa kowa ba. Ya naɗa rawani, ya ce zai bi motar ya binciki maganar da kansa.

Adamu Disfensa saurayi ne mai sanyin murya. Ya karɓi kwalbar, ya dubi inda ta rage, sannan ya dubi baƙon ya daɗe, fiye da yadda ake duban marar lafiya.

"Malam Mamman na Gwandu? Sannu da hanya, Baba."

Ya ja ƙofa, ya yi masa bayani a hankali. Barasa iri biyu ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Akwai ta hatsi, wadda ake sha a yi maye. Akwai ta itace, wadda ake zafafa fitila da ita. Ita ta itacen in ta isa hanta, hanta ta juya ta zuwa dafi irin na cinnaka, dafin ya nufi ido.

"Ita kas sha. In an bar ta, gobe war haka sai da ɗan jagora."

Malam Mamman ya dafa benci. Ya tuna Alƙur'aninsa na hannu, ya tuna jikarsa Jummai da ta fara tatata.

"Ba magani, ɗana?"

"Akwai. Sai dai ba ka so nai." Adamu ya buɗe kabad, ya fito da wata kwalba mai hoton jirgin ruwa. "Hanta ta fi son ta hatsi. In ka cika ta da wannan, sai ta shagala, waccan ta fita a fitsari ba ta yi ɓarna ba."

"A'uzu billahi," in ji Malam, hannunsa kuwa ya riga ya miƙa.

Kofin farko ya sha shi da istigfari. Na biyu da tari. A na gaba ya fara ba Adamu labarin yadda ya kayar da wani Bazabarme a kokawa yana saurayi. Adamu na tsaye yana cika kofi, yana cewa, "Daure, Baba, idonka ne." Da kwalba ta yi rabi, ya buɗe masa ƙofar baya, ya ce iska za ta taimaka.

Ƙofar kuwa kasuwa take fuskanta, kuma ranar kasuwa ce.

Kalgo ta ga abin da ba ta taɓa gani ba. Malam Mamman, rawani a wuya, ya rungumi jakin wani mai gishiri yana kiransa ɗan'uwa, ya taka rawa gaban Fulani masu nono, ya zube cikin tallan tumatir yana waƙa. Dogarai suka kwashe shi.

Da safe ya farka kansa kamar ana daka, amma ido garau, yana ganin har ƙudan da ke kan sandar dogari. Ya yi hamdala. Magani ya ci. A gaban alƙalin Kalgo ya tsaya da ƙarfin gwiwa, ya ce lalura ce, guba ya sha, a kira Disfensa ya faɗa.

Adamu ya shigo da kwalbar direba a hannu. Ya durƙusa ya gai da alƙali, ya cire murfi, ya kurɓa a gaban kowa, ya yamutsa fuska.

"Kwinin ne, Allah gafarta Malam, na zazzaɓi. In an sha da yawa shina sa kukan kunne da dishi-dishi, ya wuce da kansa. Ita kuwa waccan mai jirgin ruwa, da hannunsa ya ɗauka."

Malam Mamman ya dubi kwalbar, ya dubi Adamu. Dogari ya fara warware bulala. Alƙali ya ce saura shedar wari, wa zai sunsuna?

Adamu ne ya matso. Ya lumshe ido, ya ja numfashi, ya ɗaga yatsa. Sannan ya sunkuya daidai kunnen tsohon, ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Warin bakin ubana, Hassan Tela, na ciwon sukari ne, Baba. Naka ne na gaske."