Bitar Ƙarshe a Zaure

Da'u, malamin asibiti a Gaya, yana zauren gidan su Rekiya yana yi mata bitar kalmomin likitanci, don tana neman shiga makarantar jinya a Kano.

"Haipo, daga Girkanci aka aro shi. Me yake nufi?"

"Ƙasa da ƙima." Idonta na kan tabarma. "Malam, Baba ya ce gari ya fara magana. Ko ka turo magabatanka, ko ka daina zuwa."

Allin hannunsa ya karye. "In na turo, zai bar ki ki tafi Kano?"

"Ya ce matar aure ba ta kwana a makaranta."

Ya daɗe yana kallonta, sannan ya jawo takalmansa.

"To, ba zan turo ba, Rekiya. Sai kin dawo da farar riga."