Wasiƙar Lauyan Mazauna Layi

"Ajin farko nake, Baba! Ajin farko!"

"Ajin farko na me? Na koyon ɗinki? Ba lauya na tura ki ki zama ba?"

Kwana uku ke nan ana wannan a gidan Mai Walda, tun safiyar da ya ɗaga ƙofar shagonsa ya tarar da farin ambulan a ƙasa. Shagon a jikin gidan yake, bango ɗaya ya raba shi da ɗakin 'yarsa, wadda kowa a layin ke kira Barista tun ranar da ta samu gurbin karatun shari'a a jami'a.

Wasiƙar shafi ɗaya ce. Ta ce ƙarar janareta da injin yanka ƙarfe daga shida da minti goma na safe cutarwa ce ga jama'a, an ba shi kwana bakwai ya gyara, in ya ƙi sai kotu. A ƙasa an rubuta "Lauyan Mazauna Layi". Ba adireshi, ba hatimi.

Mai Walda ba ya tsoron wuta, amma kalmar kotu ta sa ya garƙame shago. Layin ya yi tsit. Barista ta haddace babi huɗu na tsarin kotuna, ta yi barci har kumatunta suka ciko. Shi kuwa yana ta zagaye a tsakar gida da takardar a hannu, yana karanta ta da muryar mai labarun rediyo, yana jan "waɗanda nake wakilta" ta hanci.

Amsa yake so ta rubuta, mai zafi, wadda za ta sa lauyan ya nemi wata sana'a. Ta rantse masa cewa a ajinsu iyakar abin da ake koya shi ne wace kotu ke saman wace, yadda ake tono tsohon hukunci a laburare, yadda ake tsara takarda, da yadda ake sauraron mai ƙara ba a katse shi ba.

"Ke ɗin ce ba kya katse mutum?" Umma ta jefo daga kicin.

"Jahili ne ya rubuta," in ji Mai Walda. "Ji nan, wai cutarwa mai ɗorewa."

"Sakin layi na biyu ke nan, kuma daidai yake," Barista ta amsa daga ɗakinta.

"Ke lauyata ce ko tasa?"

Ta bugo ƙofa.

A rana ta huɗu mutumin da ya ba da aikin tagogi ya zo da mota ya kwashe ƙarafunansa ya kai wani shagon. Mai Walda ya tsaya yana kallon motar har ta sha kwana, sannan idonsa ya sauka a kan gidan da ke fuskantar nasa.

Gidan Hedimasta ne, tsoho mai ritaya, mai hawan jini. Shekara ashirin suna zama a benci ɗaya. Amma wa ya iya irin waɗannan kalmomi a layin nan in ba shi ba? Wa ya taɓa cewa, yana murmushin munafunci, "Injin nan naka dai, sai haƙuri"?

Ya tayar da janareta, ya ɗauko injin yanka, ya jawo doguwar waya, ya ƙwala wa 'yarsa kira ta zo ta zama shaida. Ƙofar ƙarfen gidan Hedimasta shi ya ƙera ta kyauta. Yau zai cire abarsa.

Kafin ya tsallaka titi mai aski ya bar kan mutum rabi ya fito, mai faci ya yar da taya. Hedimasta ya leƙo da singileti, tabarau a goshi. Mai Walda ya faɗa masa laifinsa. Tsohon ya rantse da girman Allah, ya dafa bango, matarsa ta ruga neman ƙwayar maganinsa. Barista tana bayan ubanta, ta ƙura wa takalmanta ido.

"Ba ni in gani," Hedimasta ya ce da ƙyar. Ya karɓi takardar, ya saukar da tabarau ya karanta. Can sai jinin malanta ya motsa, muryarsa ta dawo.

"Ni zan rubuta wannan? Haba, maƙwabci, zagi ma da iyaka! Jimla ɗaya layi biyar, ba kai ba gindi. Wannan kwaikwayo ne. Wani ne ya ji ana lauya shi ma ya ce bari ya taɓa."

"Wanda aka kora daga makaranta ne," in ji mai aski. Mai faci ya karɓi takardar, ya tura ciki gaba, ya karanta layin farko yana rausaya kai. Layi ya ɗauki dariya.

Barista ta ɗago. Kunnuwanta sun yi zafi.

Mai Walda bai yi dariya ba. Ya ɗora bakin injin a kan ƙofar, yatsansa a kan makunni, ya juyo ga 'yarsa.

"Ke ce mai karatun. Faɗa mini gaskiya gaban jama'a. In aikin mai ilmi ne, to na wannan tsohon ne, ƙofa ta sauka. In kuwa shirme ne, faɗi. A makarantarku in ɗalibi ya kawo wannan, ba sifiri za a ba shi ba?"

"Sifiri? Sha takwas cikin ashirin malam ya ba ni a kanta!"