Abin da Akun Ya Ji

An yi tsit don girmama ma'aikatan gandun dajin da mafarauta suka kashe, sai matar ɗaya daga cikinsu ta ji muryar mijinta ta fito daga cikin ofis.

"Ofis, ofis, kuna ji na?"

Ta miƙe zumbur, lambar yabon da aka ba ta ta faɗi ƙasa. Shugaban ma'aikatan ya tare ta.

"Yi haƙuri ƙanwata, akun nan ne. Marigayi ne ya ƙwato shi daga hannun masu safarar tsuntsaye. Kejinsa na kusa da rediyon oba-oba, duk abin da ya ji sai ya kwaikwaya."

"Ba kun ce nan take ya cika ba?"

Shugaban ya sunkuyar da kai. Ranar da aka kashe shi duk sun fita sintiri, babu kowa a ofis sai tsuntsun.

Akun ya ja numfashi irin na mai rauni. "Kuna ji na? Ku ce wa maman yara..."

Ya yi shiru, ya shiga gyaran gashinsa.

Ta bar musu lambar, ta ɗauki kejin. Yanzu kowace safiya takan zuba masa tsaba, ta zauna gabansa tana jiran sauran maganar. Kullum a kan "maman yara" yake tsayawa.